Daga Tashar Nuwakshot zuwa Bakin Kogin Senegal

Da hantsi muka isa tashar jiragen ruwa ta Nuwakshot, babban birnin Muritaniya, wadda Sinawa suka gina aka buɗe a 1986. Ayarin injiniyoyi na biyo, waɗanda aka ɗauko su duba bakin teku da harkar ruwan birnin su ba da shawara. Ni nawa ido.

Babbansu ya sa na dubi arewa, sannan na dubi kudu. Arewa da tashar yashi ya taru, gaɓa ta yi faɗi. Kudu kuwa teku ya yi ta cin ƙasa. Igiyar ruwa a nan daga arewa take kwaso yashi tana gangarawa da shi, sai doguwar katangar tashar ta tare shi, kudu ya rasa abin cike gurbi. Abin tsoron shi ne siririn tudun rairayi kaɗai ya raba teku da birnin, kuma wasu unguwanni sun fi teku kwari. Wannan tudun ma an daɗe ana ɗibarsa ana buga bulo.

Washegari muka ɗauki hanyar garin Roso, muka yi kudu. Tafiya ce ta rairayi da raƙuma da shingen jandarmomi, sai shayi kofi uku duk inda aka yada zango. Kusa da kogin Senegal, a Beni Naji, ake tace ruwan da ake turawa Nuwakshot ta bututu mai tsawon kusan kilomita 200. Aikin Aftut Sahili ke nan, wanda ya fara ba da ruwa a 2010. Kafin nan rijiyoyin Idini ne ke shayar da birnin, sun kuma daɗe da gazawa, tun da farin shekarun 1970 ya koro makiyaya cikin gari. Ba don madatsar Diyama da ke hana ruwan gishiri hawowa kogin ba, da ba a sha wannan ruwa ba.

Sai da muka dawo na gane abin da ya fi damun abokan tafiyata. An kawo ruwa, ba a shirya masa hanyar fita ba. Galibin gidaje rami suke zuba wa ruwan wanka da na bayan gida, ga bututu na yoyo, ƙasar kuma da ma ruwan gishiri na kusa. A unguwar Sokojim na ga gidajen da aka ƙaurace wa, ruwa kore shar kwance a tsakar gida, gishiri ya ci gindin bango. Wani matashin injiniya ya zura tef cikin rijiyar awo, bai yi nisa ba ya taɓo ruwa, ya rubuta, ya girgiza kai.

A ganina laifin na masu ba da kuɗin ayyukan ne: bututu da tasha ana yanka musu kirtani a gaban 'yan jarida, kwata kuwa ba mai son a ɗauke shi hoto a bakinta. A unguwannin bayan gari har yanzu jaki ne ke jan durom a amalanke, kuma mai saye a hannun ɗan garuwa ya fi mai famfo a gida biya da tsada.