Masana sun saɓa kan ƙirƙirarriyar basira, wa mai ba da tallafi zai bi?

Akwai attajirai a Amurka da Ingila da suka yanke shawarar cewa babu inda kyautarsu za ta fi amfani kamar rage haɗarin ƙirƙirarriyar basira. Idan ka tambaye su dalili, sai su ce masana ne suka faɗa. Gaskiya ne, a watan Mayun 2023 Geoffrey Hinton da Yoshua Bengio sun sa hannu a wata sanarwa da ta jera wannan haɗari da annoba da yaƙin nukiliya. Sai dai Yann LeCun, wanda su ukun suka raba lambar yabo ta Turing ta 2018, yana ganin an zuzuta abin. Ka ga ke nan sunan masani kaɗai ba zai raba gardama ba.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne me mai maganar zai samu. Hinton ajiye aikinsa ya yi a Google don ya yi magana ba tare da shakkar kowa ba. Sam Altman na OpenAI shi ma ya sa hannu a sanarwar, amma shi hajarsa ce ake magana a kai. Ban ce ƙarya yake yi ba, amma ba zan ɗora su a sikeli ɗaya ba.

Dubi kuma inda kuɗin ya taɓa zuwa. A 2017 gidauniyar Open Philanthropy ta ba OpenAI dala miliyan 30 da niyyar a bi a hankali. A ƙarshen 2022 kamfanin ya saki ChatGPT, tsere ya ɓarke tsakanin kamfanoni. Kyautar nan rage haɗarin ta yi ko kusanto da shi? Har yau masu ba da tallafin kansu suna jayayya a kai.

Abin ya shafe mu, don masu irin wannan tunani su ne kuma ke tallafa wa New Incentives, mai ba uwa 'yan kuɗi idan ta goyo jaririnta zuwa asibiti da katin rigakafi a Katsina, Zamfara da Jigawa. Su ne ke tallafa wa Malaria Consortium, wadda ma'aikatanta ke bi gida-gida da damina suna narka ƙwayar maganin zazzaɓin cizon sauro su ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Wannan aiki ana iya ƙirga yaran da ya kai gare su.

Ban raina gargaɗin Hinton ba, kuma duniya na buƙatar masu binciken da ba kamfanoni ke ciyar da su ba. Wanda zai bayar, irin waɗannan ya kamata ya ba, kuma kada ya ciro kuɗin daga kason maganin yara.

'Yan uwa masu karatun kwamfuta, ku da kuka fi mu sanin fannin, ina jiran ra'ayinku.