Tafiyar Tsofaffi Zango-Zango Ce

A Zongon Lome mutum ba ya ɗaukar jaka sai da dalili. In ka ga maƙwabcinka ya nufi tasha da asuba, to, ko dai kaya zai saro, ko gaisuwar mutuwa za shi, ko kuwa an aiko masa goron biki daga Kumasi ko Yamai. Maƙwabtanmu Musulmi suna da tafiyar Makka, mu kuma muna da taron ikilisiya. Amma a ce tsoho da tsohuwa su kulle ɗaki, su ƙetare iyaka har wata guda don su huta su ga gari kawai, wannan baƙon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya ji abin da ni da Malam muke shiryawa, tambayarsa ta fari ita ce, "Wa ya rasu?"

Abin mamaki kuwa, sunan unguwar tamu sunan hutu ne. Zango shi ne inda fatake suke sauke kaya su kwana. Kakannin mutanen nan sun yi ta kai da komowa tsakanin Kano da Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su komo da goron Salaga a bayan jakuna, tafiyar watanni. Madugu ba ya auna tafiyar yini da ƙarfin dokinsa. Yakan dubi jakin da ya fi kowane rauni, da tsohuwar da ke can bayan ayari, sa'an nan ya faɗi inda za a ya da zango. Da wannan tsohuwar dabara muka shirya tamu tafiyar, ita ce kuma nake so in miƙa wa 'yan'uwa masu shekaru irin namu.

A tsohon Zongo aka haife ni, a tsakiyar birni, kafin hukuma ta rushe shi a 1977 ta kwaso mu nan arewa da gari, kusa da kogin Ziyo. Mahaifina mutumin ƙasar Zazzau ne. A Wusasa aka yi masa baftisma, ya biyo ta Ikko da Kwatano da kayan koli, ya zauna a Lome har ya rasu bai koma ba. Ban taɓa ganin Zariya ba, ko da yake na san dutsen Kufena da ƙofofin birni a bakinsa. Malam kuwa daga ƙasar Maraɗi ya zo da ƙuruciya, ya yi aiki a tashar jiragen ruwa har ya kai ga fansho. Tun aurenmu a 1979, sau uku ya je gida, duka ukun kuwa jana'iza ce ta kai shi, ni ina nan ina tsaron rumfar atamfa a kasuwar Asigame. Iyakar da muka taɓa ƙetarewa tare ita ce ta Afulawo, wadda yaro ma yakan taka da ƙafa ya sayo burodi ya dawo.

Da 'ya'yanmu suka ce za su haɗa mana kuɗin tafiya, Malam ya ɗauki takarda ya jera garuruwa 11: Ikko, Ibadan, Abuja, Kaduna, Zariya, Jos, Kano, Katsina, Maraɗi, Damagaram da Yamai, duka cikin kwana 30.

Na ce, "Malam, wannan hutu ne ko yawon tallan magani?"

Ya ce, "Uwargida, in ba mu gani yanzu ba, sai yaushe?"

Gaskiyarsa ce, shi ya sa maganar ta yi nauyi. Shekarunsa 74, yana da ciwon suga, gwiwarsa ta hagu kuma ba ta son matakala. Ni ina da 68, ina shan maganin hawan jini. Mun sani, ko ba mu faɗa ba, mai yiwuwa wannan ce doguwar tafiyarmu ta fari kuma ta ƙarshe. Mutumin da ya san haka yakan so ya cusa kome cikin jaka ɗaya. Amma gari 11 cikin wata guda, rabin hutun a kujerar mota zai ƙare, sauran rabin kuwa a gado ana shafa man zafi.

Bayan mako biyu muna ja, muka tsaya a kan zango uku. Kwana 2 a Abuja mu warware gajiya, kwana 17 a Zariya, kwana 9 a Kano, sa'an nan kwana 2 a Abuja kafin mu juyo. Muka kafa wa kanmu doka biyu. Duk ranar da ta biyo bayan doguwar hanya, ba fita. A sauran ranaku kuma ziyara ɗaya tak, da safe, a dawo kafin rana ta take.

Cire Maraɗi shi ne ya fi zafi. Hanyar da Malam ya saba bi ita ce ta Kwatano, Paraku, Malanbil, a haye kogin Kwara a shiga Gaya, sai Doso. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe wannan gada. Hanyar arewacin Togo ta ratsa Burkina Faso, inda masu ɗauke da makamai suka addabi matafiya. Ta Katsina da Jibiya ma 'yan bindiga sun daɗe suna damun ta. 'Ya'yanmu suka ce ba da kuɗinsu ba. Ƙanwarsa ɗaya ta rage masa a ɗakinsu, rabonsu da juna ya fi shekara 15. Kwana uku Malam bai yi doguwar magana da kowa ba.

Mafita ta zo daga can. Ɗan ƙanwar tasa ɗan kasuwa ne mai shiga Kano a kai a kai, ya san lokacin da ake bin hanya da lokacin da ake bari. Shi ya ce zai kawo uwarsa, ta zauna tare da mu dukan kwanakin nan 9. An ce zumunci a ƙafa yake, amma ba a ce lalle sai ƙafar wanda ya fi tsufa ba. Duk da haka Malam ba zai ga kabarin iyayensa ba, ba zai ga gonar da ya yi noma yana yaro ba. Wannan rashi ne, ba mu kuwa yi ƙoƙarin sāke masa suna ba.

Sai batun abin hawa. Daga Lome zuwa Ikko bai kai kilomita 300 ba, amma akwai iyaka biyu, ta Hilakonji da ta Seme, kowace da saukarta da layinta. Daga Ikko zuwa Kano kuma kusan kilomita 1,000 ne. Saurayi zai iya, mai ciwon suga da ke bukatar abinci a kan lokaci ba zai iya ba. Muka zaɓi jirgin sama na ASKY, wanda cibiyarsa ke nan Lome tun 2010, ya sauke mu Abuja. Daga nan akwai jirgin ƙasa zuwa Rigasa a Kaduna, wanda aka buɗe a 2016. Ba mu manta an kai masa hari a Maris 2022 ba, don haka muka bar wannan shawara a hannun dangin da za su tarye mu, su da suke jin labarin hanya kowace safiya. A cikin Zariya kuwa ba hawan acaɓa. Zemijan ɗin Lome ma Malam ya daina hawa. Za mu ɗauki mai a-daidaita-sahu guda, mu yi jinga da shi ta mako.

Takardu ba su ba mu wahala sosai ba. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS, wadda mu nan muke kira CEDEAO, suka yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Na ji daɗi da na tuna cewa Janar Eyadema na Togo da Janar Yakubu Gowon ne suka yi tsayin daka har aka kafa ƙungiyar a 1975, Gowon kuwa a Wusasa ya tashi. Sai dai fasfon Malam na Nijar ne, Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso. A lokacin ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfonsu har sai ta sāke sanarwa. Irin wannan magana ba a dogara da jin ta a majalisa, sai a je ofishin jakadanci a tambaya tun kafin a sayi tikiti. Katin rigakafin shawara kuwa, tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai, in dai katin yana hannu. Likita ya ƙara mana ta sanƙarau, domin da rani take tashi a arewa.

Kuɗi muka kasa huɗu: na hanya, na masauki da abinci, na tsaraba, da na huɗu wanda ba a taɓawa sai ciwo ko gaggawa. Sefa tana ɗaure da yuro, kusan sefa 656 ga yuro ɗaya, naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun daga 2023, farashinta yana motsi. Saboda haka ba za mu canja duka a rana ɗaya ba, sai kaɗan-kaɗan. Mun kuma ji yadda takardar naira ta yi wuya a farkon 2023, mutane da kuɗinsu a banki suna rasa na cefane. Muka shirya da wani ɗan ɗan'uwana mai asusu a can, in ta kama ya riƙa biya mana ta waya.

Kason tsaraba shi ne mai cinye 'yan'uwansa. Wadda ta yi shekara 40 tana sayar da atamfa a Asigame, kowa yana sa ran turmin Holan daga hannunta. Na rubuta sunayen dangi na tarar sun haura 50. In na bi su duka, to, mun je rabon kaya ke nan, mu dawo da bashi. Na ware turmi 6 domin tsofaffin mata, sauran gidaje kuwa garin rogo mai kyau da busasshen kifi, gida-gida ba mutum-mutum ba.

Masauki ma sai da muka yi shawara. Dangi sun ce kunya ce mu kwana a waje. Amma baƙo raɓa ne, raɓar da ta kwana 17 kuwa ta zama damina. Mai gida zai ba mu ɗakinsa, matarsa ta riƙa dafa tukunya biyu saboda abincin Malam, ba kuwa wanda zai buɗe baki ya ce ya gaji. Za mu yi kwana 3 na fari a gidansu don a fita kunya, sa'an nan mu koma masaukin baƙi kusa da su, mai banɗaki a ciki, ba bene.

Janairu muka zaɓa. Daga Afrilu zuwa Yuli babbar damina ce a Lome, unguwarmu kuwa tana cikin kwarin Ziyo, mai gida ba ya barin gidansa lokacin da ruwa ke neman ƙofa. Maris da Afrilu zafin arewa ya fi ƙarfin wanda ya saba da iskar teku. Janairu akwai hunturu da ƙura, amma rigar sanyi da man kaɗanya sun isa maganinsu. Mun kuma duba kada kwanakinmu na Kano su faɗa cikin azumi, gama ƙanwar Malam da 'ya'yanta Musulmi ne, muna so mu ci a akushi ɗaya da rana.

Magani za mu ɗauki na mako 6, a jakar hannu, rabi wurina rabi wurinsa. Takardun asibitinmu da Faransanci suke, sunan da kamfani ya sa wa ƙwaya a nan kuma ba lalle a san shi a Zariya ba. Muka roƙi likita ya rubuta ainihin sunan kowane magani da awonsa, ɗanmu ya juya bayanin zuwa Turanci. Na koyi alamun faɗuwar suga, shi ma ya koyi ɗaura mini na'urar awon jini. Mabuɗin gida yana wurin Hajiya maƙwabciyarmu, wadda muka taso tare tun tsohon Zongo. Awaki kuma jikanmu zai duba.

Akwai magana ɗaya da shirin nan ya tilasta mana, wadda muka yi shekaru muna kewaye ta. Wata rana da dare na ce, "Malam, in Ubangiji ya kira ɗayanmu a can fa?" Ya daɗe bai amsa ba. Daga baya ya ce, "Inda aka kira ni, nan za a sa ni. Kada yaran nan su ci bashi don ɗaukar gawa a jirgi." Ni ma haka na ce. Kashegari muka kira babban ɗanmu da fasto, muka faɗa a gabansu, muka nuna wa yaron inda takardar fili take, da wanda muke bi da wanda ke bin mu. Mu da muka ga an rushe unguwa guda a kan idonmu mun san darajar takardar fili. Tun daga ranar nan barcina ya fi daɗi, tafiyar ma ta daina ba ni tsoro.

Abin da nake ɗokin gani ba shi da yawa. Ina so in zauna a majami'ar Bartalamawus ta Wusasa, ginin ƙasa irin na Hausa da aka yi bayan mishan ta tashi daga birnin Zariya a 1929, in ji jama'a cike da ɗaki suna sujada da harshen da mahaifina ya yi mini addu'a da shi. A Lome yawancin sujada da Ewe ne ko Faransanci. A Kano ina so in ga marinar Ƙofar Mata da kasuwar Kurmi, inda ayarin Gwanja yake sauke goro. Dutsen Dala kuwa daga ƙasa za mu gaishe shi.

Ku 'yan'uwa da yara suka tashi suka bar muku gida, in Allah ya hore muku hali, ku tafi tun ƙafa tana ɗauka, ku tafi tare. Ku rage garuruwa, ku bar ranakun da ba a rubuta kome a kansu ba, mai ƙarfi a cikinku ya bi takun marar ƙarfi. Malam bai yar da takardarsa mai gari 11 ba. Ya ninke ta ya sa a aljihun jaka, wai Jos da Damagaram sai tafiya ta biyu. Na ce Allah ya kai mu.