Rawaya a Dajin Partago

Wanda ya bi hanyar Paraku zuwa Jugu da rani, bayan gobarar daji ta wuce, in ya kawo Partago sai ya dubi gefen hanya da kyau. A cikin baƙin toka zai ga wani fure mai launin zinariya kwance dab da ƙasa, ba kara ba ganye. Wannan ita ce rawaya, wadda daga gare ta Bahaushe ya samo sunan launin rawaya.

Sirrinta yana ƙarƙashin ƙasa. Tana da saiwa mai kauri wadda wuta ba ta kai mata, don haka takan yi fure lokacin da ciyawa ta ƙone ƙurmus. Iyayenmu mata a nan Donga sun san wannan saiwa: su busar, su daka, su zuba garin a miya.

To amma rawaya na ja da baya. Masu tono suna tumɓuke saiwar ɗungurum don kai wa kasuwa, dajin kuma yana komawa gonakin kanju da waken soya, ga maganin ciyawa da ba ya bambanta fure da ƙaya. Alhali kanjun nan da kaɗanyar da ke ciyar da gidajenmu, ƙudan zuma ne ke kai musu ƙurar fure daga wannan zuwa wancan, sannan su yi 'ya'ya da yawa. Furensu na 'yan watanni ne, shi kuwa ƙuda dole ya ci abinci shekara duka.

Saboda haka muke ba magidanta shawara su ware ɗan fili a bayan gida inda rana ke samu. A tsinko irin rawaya daga kwansonsa mai kamar auduga, a jiƙa shi ya kwana domin ɓawonsa na da tauri, a shuka da farkon damina. A haɗa da karkashi, wanda ke fure da damina, ga kuma ganyen miya. Kada a yi feshi a wurin. Mai tono a daji kuma ya bar rabin saiwa ta sake tohowa.

Halittar da aka saukar da sura sukutum da sunanta, Suratun Nahli, ta cancanci taku biyar a gidan Musulmi. Allah Ya sa mu dace, amin.