Garin da gishiri ya gina

Wani alhaji, ɗan kasuwar Maraɗi mai sayo tsofaffin motoci a Hamburg ta ƙasar Jamus, jirgin ruwa ya yi masa jinkiri. Don rage zaman jira, abokin cinikinsa ya kai shi Lunaburg, gari mai nisan kilomita wajen 50. A wata tsohuwar unguwa ya ga gidaje na alfarma sun karkace, bangayensu sun tsage. Ya tambayi dalili, aka ce da shi gishiri ne.

Alhaji ya san gishirin Bilma da ayarin raƙumansa, amma wannan daban yake. A ƙarƙashin garin yake kwance; ruwansa ake jawowa a dafa a manyan kasake. Tun shekara ta 956 takardun sarauta suka ambaci harajinsa. Fatake na kai shi Lubek, inda ake sayensa don adana kifi. Da wannan ciniki aka gina majami'u da gidan majalisar gari.

Dukiya ba ta zo ita kaɗai ba. Yawancin kasaken dafa gishirin na malaman majami'a ne. Da bashi ya yi wa majalisa katutu, ta nemi ƙarin kaso daga ribarsu, suka ƙi. A 1454 aka tuɓe majalisar, rigima ba ta kwanta ba sai 1462. Daga baya gishirin teku na Faransa, mai araha, ya cinye kasuwa. Ƙasa kuma, da aka ƙwaƙule cikinta, ta dinga lotsawa da gidajen mutane. A 1980 aka kashe wutar masana'antar, aka mai da wurin gidan tarihi.

Garin bai mutu ba. Jami'a da ƴan yawon buɗe ido sun maye gurbin gishiri. A 2021, bayan shekara 30 na magajin gari ɗaya, jama'a suka zaɓi wata mata ta jam'iyyar masu kare muhalli.

Cikin jirgin ƙasa, a hanyar komawa Hamburg, alhaji bai ce uffan ba. Shekara 20 ke nan yana ci da iyalinsa da sana'a guda, ta hanya guda, daga tashar Kwatano zuwa Maraɗi, kuma ɗansa na fari ya bar lakkwal don ya gaje shi. Da ya sauka, kafin ya tambayi labarin motocinsa, gida ya buga wa waya. Ya ce a faɗa wa yaron ya nemo littattafansa.