Takardar gwaji a hannun dangin miji

Tun ina yarinya a zangon Kumasi nake jin ana kiran mace juya, ban kuwa taɓa jin sunan da aka tanadar wa namiji ba. Yanzu dangin miji sun sami sabuwar sanda: takardar asibiti.

Gwajin jini na AMH yana auna wani sinadari da ƙananan jakunkunan ƙwan mace ke fitarwa. Likita kan haɗa shi da hoton ciki, ya ƙirga jakunkunan da girmansu bai wuce milimita 2 zuwa 10 ba. Da wannan yake hasashen yawan ƙwan da za a samu idan za a yi dashen ciki, da ƙarfin allurar da zai bayar, domin mai jakunkuna da yawa magani na iya kumbura mata ciki har a kwantar da ita. Ingancin ƙwan kuwa shekaru ke nuna shi, musamman in an haura 35. Mace mai ƙarancin AMH tana iya ɗaukar ciki a ɗakinta, tunda ƙwai ɗaya ake bukata a wata.

Bara wata aminiyata ta kawo mini tata takardar, idanunta jawur. Tun kafin ta koma wurin likita, surukarta ta fara zancen kishiya. Na ce, “Ƙawata, shi maigidan an gwada maniyyinsa?” Gwajin ba allura, ba tsada. Ta ce shekara 6 ke nan da aurensu, ba wanda ya taɓa ɗaga masa maganar.