Gas ɗin da ke cikin firigo, da wanda zai gyara shi

Duk azumi a Magarya maganar ƙanƙara ce ke riga ta sukari tashi. Kuran ya ɗauke, mai ƙanƙara ya ninka kuɗi, yaran da aka aika su dawo da leda rabinta ruwa. Daga nan sai a fara cewa da ma muna da babbar masana'antar ƙanƙara, ko ɗakin sanyi inda masu noman rani na Wacha da Bande za su ajiye tumatur. Ni ma ina so. Amma akwai tambayar da ban cika jin ana yi ba: wane gas za a ɗura wa injin? Amsar ita ce za ta nuna irin ma'aikacin da za mu nema, kuma ma'aikacin nan yau yana zaune a ajin wani malami.

Aikin firigo kwashe zafi ne. Wani ruwa ne ke tafasa cikin bututu ya zama iska, yana zuƙe zafin abin da ke kusa da shi, sannan kwamfiresa ya matse shi ya koma ruwa. Randa ma haka take yi, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta ya bushe ya tafi da zafi.

Gas ɗin da masu gyaranmu suka saba da shi duk yana kan hanyar fita. R-22 na tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki yana lalata rufin ozon, kuma a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 ƙasashe irin Nijar za su bar shi zuwa 2030. R-134a da R-404A ba su taɓa ozon, sai dai suna ɗumama duniya: kilo ɗaya na R-404A ya yi daidai da kusan kilo 3,900 na iskar kabon. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya ce a riƙa rage su. Abin da ake ragewa kuwa tsada yake yi, mu na bakin iyaka mun fi kowa sani.

Amoniya, wadda ake rubutawa R-717, ba ta da waɗannan laifuffuka. Tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifili, tana da arha, kuma a babban inji ba ta cin wuta da yawa. Ba baƙuwa ba ce ma a wajenmu. Tsohon firigon kananzir da ake ajiye allurar rigakafi a likitar ƙauye, amoniya da ruwa ne ke zagayawa a cikinsa. Warinta kuma yana tona asirinta da zarar ta fara yoyo.

Sai dai guba ce. A Dakar, ranar 24 ga Maris 1992, tankin amoniya da aka cika fiye da kima ya fashe a masana'antar man gyaɗa ta Sonacos, mutum 129 suka mutu, sama da dubu suka jikkata. Ba sanyi ake yi da ita a can ba, tsabtace ƙulin gyaɗa ake yi, amma amoniyar ɗaya ce. Kuma tana cin tagulla, wato bututun jan ƙarfen da yaranmu suka iya liƙewa ba zai yi ba, sai baƙin ƙarfe da walda mai kyau.

Saboda haka, a ganina, mai kanti da mai sayar da ruwan leda su tsaya ga ƙaramin firigo mai R-600a ko R-290, su tuna cewa gas ne mai kama wuta. Babbar masana'anta kuwa amoniya ta dace da ita, a bayan gari, nesa da makaranta da kasuwa, kuma kada a kunna ta sai akwai wanda ya san karanta agogon matsi, ya san abin da zai fara rufewa idan wari ya tashi.

Nan ne iyaye suka shigo. Yaron da bai wuce jarrabawa ba mukan kai shi gareji ko ɗinki, ko ya tsallaka Maigatari neman dako. Sana'ar sanyi tana son wanda ya iya lissafi kaɗan, ya iya karanta lambar da ke jikin tukunyar gas. Malamin kimiyya da ke koyar da sauyin ruwa zuwa iska a Dungas zai iya ɗauko randa ya ajiye gaban aji, gobe kuma ya gayyato mai gyaran firigo na unguwa ya buɗe wa yara bayan injin su ga bututun.