Dawaki ko Gyaɗa: Lissafin da Muka Fara a Tsakar Gida

Mu da muka taso a Yalwa, ƙasar Rano, a shekarun da naira da kwabo suka kori fam da sule, mun fara lissafin sa'a tun kafin mu iya rubuta sunayenmu. A 1973 aka yi canjin kuɗi, kuma cikin sababbin tsabar akwai kwabo 25: gefe ɗaya tambarin ƙasa mai dawaki biyu, ɗaya gefen dalar gyaɗa. Idan gardama ta kaure a filin ƙwallo kan wanda zai fara, sai mu roƙi wani babba ya cilla mana ita sama. "Dawaki ko gyaɗa?" Ban taɓa jin yaron da ya ce duka biyun ba. Kowa ya san in ɗaya ta fito, ɗayar ta kwanta, don haka rabi naka, rabi nawa.

Inda abin ya fi armashi shi ne ranar ƙuri'ar adashi. Innarmu ce uwar adashi, matan unguwa kuma kan taru a tsakar gidanmu bayan la'asar don a fitar da mai kwasar farko. Yayarmu ke rubuta sunaye a ƴan takardu, ta dunƙule su, ta zuba a ƙoƙo, a kira yaron da bai iya karatu ba ya zaro ɗaya. Ba mai yi wa wannan kallon caca, domin malamai sun karantar da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Hannu goma ake zubi, amma Goggo, mai ƙuli-ƙuli, ta shiga hannu biyu, saboda haka takardunta biyu ne a ƙoƙon. Wata maƙwabciya ta ce an yi son kai. Goggo ta dube ta ta ce, "Haba Yaya, zubi biyu nake yi, ke ɗaya. Takarda ɗaya yaron nan zai ɗauko, ko tawa ta farko, ko tawa ta biyu, ko ta waninmu. Biyu cikin goma nake da shi, sauran takwas naku ne." Goggo ba ta taɓa zama a aji ba, amma ba ta kuskure ko kaɗan ba.

Sai da na kai sakandare na ga maganarta a kan allo. Malamin lissafi ya zo da ƙwayar ludo mai fuska shida, ya ce yiwuwar kowace fuska ɗaya ce cikin shida. Tunda jifa guda ba ya ba ka biyar da shida a lokaci ɗaya, yiwuwar samun ɗaya daga cikinsu ita ce ka tara su: biyu cikin shida. Ya ba mu labarin wasu masana biyu na Faransa, Pascal da Fermat, waɗanda a 1654 suka yi ta musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin wasan da aka katse kafin a gama, kuma daga wasiƙun nan fannin lissafin sa'a ya kafu.

Daga nan ya ɗana mana tarko. Ya ce mu ɗauka unguwa mai gida 40. Gida 30 sun shuka gero, 25 sun shuka gyaɗa. In aka zaɓi gida ɗaya da ka, mene ne yiwuwar a tarar da gero ko gyaɗa? Ajin ya amsa baki ɗaya: 55 cikin 40! Malam ya yi dariya ya ce, "To ina kuka samo gida 15 na ƙari, aljanu ne suka gina su?" Duk ɗan ƙauye ya san manomi ɗaya kan shuka su biyun, har a gona guda ma. Masu yin haka an ƙirga su sau biyu, dole a cire su sau ɗaya kafin lissafi ya daidaita. Ka'idar tarawa kai tsaye tana aiki ne kawai inda faruwar abu ɗaya ke hana ɗayan.

Yanzu da na waiwaya, na ga wannan tarkon ya fi kama manya. Lokacin da gwamnati ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa a 1976, magidanta da dama a yankinmu sun ɗauka ko allo ko boko, ba a haɗa su. Wasu sun ɓoye ƴaƴansu, musamman mata. Mahaifinmu ya ce bai ga abin da ya hana ba: allo da asuba da kuma dare, boko da hantsi. Cikin waɗanda aka yi wa haka akwai waɗanda suka sauke Alƙur'ani suka kuma yi digiri. Har gobe ina jin ana ce wa yarinya ko aure ko karatu, ana ce wa saurayi ko gona ko aikin ofis, alhali Rano da Kibiya cike suke da malaman makaranta masu rumbu.

Akwai abubuwan da da gaske ba sa haɗuwa. Kuɗin da ka sayi taki da su ba za su sayi babur ba, kuma ranar zaɓe ƙuri'arka ta mutum ɗaya ce. A nan sai a zaɓa a haƙura. Amma duk wanda ya zo ya ce maka ko wannan ko wancan, tambaye shi abin da ya hana su zama tare kafin ka saki ɗaya. Iyaye da malamai, mu koya wa yaranmu wannan tambayar tun suna ƙanana.